Goron da Na Raba Don Shirin Baba

Shekarun baya, lokacin da mahaifina yake raye, na sha wahalar nemo masu sauraro ga wani shiri da muke yi ni da shi. Irin shirin nan ne na murya zalla da ake ɗorawa a intanet, wanda ake kira fodkas. Wasu daga cikinku sun tambaye ni yadda na yi har shirin ya yi nisa, suna so in koya musu. Na daɗe ban amsa ba. Ba girman kai ba ne. Duk sanda na fara rubutawa sai in ajiye wayar. Yau dai zan faɗi yadda abin ya faru, kowa ya ɗauki abin da ya ga zai amfane shi.

Mahaifina sankira ne. Ga yaran yanzu da ba su san aikin ba, shi ne mutumin da ake bai wa goro ya bi gida-gida yana gayyata in za a ɗaura aure ko a raɗa suna, kuma shi ke kai labari in an yi rasuwa. Da kekensa ya yi aikin nan tun kafin a haife ni. Babu gidan 'yan zango, wato zuriyar baƙin da fatauci ya kawo, a garinmu Tamale da bai san ƙofarsa ba. Ya san wanda kakansa ya zo da shanu, ya san wanda fataucin goro ya kawo nasa, ya san gidajen da ba a haɗa su a tabarma ɗaya. Muryarsa kuwa, in ya yi sallama a bakin layi, na ƙarshen layin sai ya amsa.

Sai waya ta zo. Aka koma tura katin gayyata a guruf, sanarwar rasuwa kuma a kai gidan rediyo. Ba wanda ya ce masa ya daina aiki. Kiran ne ya yi ta raguwa har ya tsaya. Keken ya koma jingine a zaurenmu na unguwar Gumbihini, shi kuma ya koma zama a kan benci yana amsa gaisuwar masu wucewa a babur, waɗanda ba sa ko rage gudu.

A wannan zaman ne ciwon maƙogwaro ya kama shi. Da farko mun ɗauka mura ce. Da muka je asibiti, likita ya ja ni gefe ya gaya mini cewa muryar za ta yi ta dushewa ne, ba za ta dawo ba, kuma ba muryar kaɗai ba. Ban gaya wa Baba duka ba. Bai tambaye ni ba.

Ni tela ne, shagona yana unguwar Gurugu. Karatuna bai yi nisa ba. Amma ina da aboki mai gyaran waya a kusa da shagona, shi ne ya kawo shawarar. Cale yake ce mini, wato aboki, yadda samarin nan ke kiran juna.

Ya ce, "Cale, tsohonka laburare ne fa. Ka ɗauki muryarsa mu ɗora a intanet. 'Yan zango da ke babban birni Ankara da Kumasi da Turai za su yi rububi."

Ni ba rububin ya dame ni ba. Abin da nake so shi ne Baba ya san ana jin sa kafin muryar ta tafi. Mutumin da ya yi rayuwarsa ana fitowa daga ɗaki don a ji abin da zai ce, ban so ya ƙare a kan benci ba mai tambayarsa komai.

Muka fara. Da safe bayan ya sha koko, lokacin da maƙogwaron ya ɗan saki, nakan ajiye waya a gabansa ya yi ta ba da tarihin gidajen zango. Abokina ya yanke tarin da ke ciki da kukan awaki, ya ɗora duk Juma'a bayan la'asar. Wannan ɓangaren bai yi wuya ba. Wahalar tana wajen samun wanda zai saurara.

Akwai wani shafi a manhajar da ke nuna adadin waɗanda suka sauke shirin. Na tsani shafin nan, kuma ban iya wuni ban buɗe shi ba. Makon farko adadin bai kai yawan mutanen gidanmu ba, kuma na san biyu daga ciki ni ne da abokina.

Babu abin da abokina ya ce in yi wanda ban yi ba. Ya ce in tura linki a kowane guruf da nake ciki, na tura, har da na teloli da na tsofaffin 'yan makarantar allonmu. A guruf ɗin teloli wani ya amsa da tambayar ko ina da zare baƙi. A wani kuma aka cire ni. Ya ce in yanko gajerun maganganu in sa a sitatus da hoton Baba. Na sa. Mutane suka yi ta rubuto mini "Allah ya ƙara wa tsoho lafiya", ba wanda ya taɓa linkin. Muka buga 'yan takardun liƙawa na bi masu yalo-yalo, wato keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar fasinja a garinmu, ina roƙo su bari in manna a bayan kujera. Ruwan sama ɗaya ya wanke su. Na biya wani matashi mai mabiya da yawa ya tallata mu. Ya yi rawa a gaban hoton Baba, ya faɗi sunan shirin ba daidai ba. Har na koyi cewa "ku danna, ku raba, ku bi mu" a ƙarshen kowane shiri, da irin muryar da ba tawa ba. In na ji kaina yanzu kunya nake ji.

Ɗinkin mutane ya yi ta taruwa a shago. Na ɓata wa wata amarya rai a kan kayanta. Idona kullum yana kan waya, ƙafata tana kan keken ɗinki ba ta motsi.

Duk yamma in na koma gida Baba yakan tambaye ni, "Yaya, an ji?"

In ce, "An ji, Baba. An ɗan ƙaru."

Sai ya ce, "Su waye?"

In ce, "Wayar ba ta faɗin suna. Adadi kawai take nunawa, da gari."

"To wanda ya ji daga Kumasi, ɗan gidan wa ne?"

"Ban sani ba, Baba."

Sai ya juya yana kallon keken da ke jingine. Wannan tambayar ta fi komai gajiyar da ni. Adadin ko ya ƙaru ko ya ragu, shi bai dame shi ba. Su waye, shi ke nan.

Wata rana ya ce in nuna masa yadda nake gayyatar mutane. Na buɗe guruf ɗin masallacin unguwa na nuna masa. Ya daɗe yana duban shuɗin rubutun nan na linki.

Ya ce, "Wannan ne gayyatar?"

Na ce, "Shi ne."

"Liman yana cikin nan?"

"Yana ciki."

"Da sa'o'ina?"

"Duk suna ciki."

Ya miƙo mini wayar kamar mai miƙa abin da ya lalace. Ya ce, "Ka watsa wa dattawa abu kamar kana watsa wa kaji dawa, kana jira su zo su tsattsaga? Ba su ƙi ka ba, yaro. Ba ka kira su ba ne. Gobe ka je kasuwa ka sayo goro."

Da na gaya wa abokina sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Goro? Cale, duniya tana tallan zamani, ku kuna goro. To ka manna linkin a jikin goron mana." Amma shi ma dabarunsa sun ƙare, don haka bai hana ni ba.

Na sayo goro fari da ja, da alewa ta mata. Baba ya zauna da kansa yana ƙullawa a ganye, yana faɗa mini gidan da za a fara da shi da wanda zai biyo baya, don kada wani ya ji an riga shi da wanda bai kai shi ba. Ya koya mini abin da zan faɗa. Ya ce in durƙusa, in gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan in ajiye goron in ce, "Baba yana gaisuwa. Yana da magana ranar Juma'a bayan la'asar."

Na ce, "Sai in nuna musu yadda za su buɗe a waya."

Ya ce, "Ka nuna musu duk abin da kake so. Amma ka fara faɗin abin da na ce."

Na rufe shago na yi ta yawo a babur. Ban san aikin nan yana da nauyi haka ba. Kowane gida sai an ba ka ruwa, sai an tambayi mahaifiyarka da 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya, sai an ba ka labarin ranar da Baba ya kawo goron auren mai gidan. In na fito da waya ina bayanin inda za a danna, sai su yi ta gyaɗa kai suna cewa, "To, to, madalla. Allah ya kai mu." Ni kuwa ina murna, na ɗauka sun gane.

Gida na ƙarshe shi ne na tsohon aminin Baba a Gbalahi, wani manomi Badagombe da suke tsokanar juna tun suna samari. Na same shi a ƙarƙashin bishiya yana gyaran fartanya. Ya juya goron a hannunsa.

Ya ce, "Wannan marowacin ne ya aiko da goro? Aure zai ƙara?"

Na ce, "A'a, Kawu, shiri ne a waya."

"Ka ce masa na karɓa. In ƙarya zai yi, ya sani ina nan da raina."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi shagon abokina. Muka ɗora sabon shirin tun kafin lokacinsa, muka zauna muna gadin adadi. La'asar ta yi, muka yi salla muka dawo. Adadin bai motsa ba. Abokina ya ce wataƙila netiwok ne. Ya kashe ya kunna. Bai motsa ba. Na tuna man da na ƙona da gwiwoyina da suka yi tsami don durƙuso, sai na ji kamar in kwanta a ƙasan shagon.

Sai ga kiran mahaifiyata. Ba ta saba kira na a waya ba. Ta ce, "Ka zo gida yanzu-yanzu." Ta kashe.

Ban san yadda na kai Gumbihini ba. Ina shiga layinmu na hango babura da kekuna jere a ƙofar gida, da takalma tuli a bakin zaure, da mata suna shiga da mayafai. Duk wanda ya girma a zango ya san abin da wannan yake nufi a gidan mara lafiya. Na tsayar da babur ban ko kafe shi ba, ya faɗi. Na fara salati.

Wani dattijo da ke alwala a gefe ya ɗago ya ce, "Kai, ina ka tsaya? Kai ka kira mu kuma kai ne na ƙarshen zuwa?"

Na shiga. Tsakar gida cike da mutane a kan tabarmi, har da na aro daga maƙwabta. Baba yana zaune a tsakiya a kan kujera, sanye da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure da hularsa, ya sa turare. Yana raye. Yana murmushi ma.

Mahaifiyata ta jawo ni bayan ɗakin girki. Ta ce, "Ku da ubanku za ku kashe ni. Ka raba wa gari goro ba ka gaya mini in ɗora tukunya ba? Me zan ba mutanen nan, iska?"

Na ce, "Mma, wallahi a waya na ce su saurara."

Ta ce, "A waya! Tun da aka haife ka ka taɓa ganin an ba mutum goro ya zauna a gidansa? Shi kuma wancan tun da hantsi ya sa na fito masa da riga na goge. Na tambaye shi ina za shi, ya ce ba ko'ina."

Sai a lokacin na gane. Ni ne ban san abin da na raba ba. Shi ya sani sarai.

Da aka natsu, Liman ya ce to, ga mu, mai magana ya yi magana. Baba ya buɗe baki ya yi sallama. Na kusa da shi ne kaɗai suka ji. Ya sake gwadawa, tari ya tare shi. Wasu suka sunkuyar da kai. Da yawansu ba su san ciwon ya kai haka ba. Baba ya dube ni, ya nuna aljihuna da yatsa.

Abokina ya riga ya biyo ni, kuma Allah ya sa da 'yar lasifikarsa a jaka. Muka haɗa, muka ɗora ta a kan turmi a tsakiyar mutane, na kunna. Muryar Baba ta fito, wadda muka ɗauka tun tana da sauran ƙarfi. Ta cika gidan. Wata tsohuwa ta amsa sallamar da ƙarfi kafin ta tuna daga inda take fitowa.

Ba su saurara yadda abokina ya ce masu sauraro suna yi ba. Sun yi ta katse shi. In ya ambaci wani gida, 'yan gidan su ce, "Haka ne, haka aka yi." Wata mata ta ji yadda kakarta ta iso garin nan a ƙafa da goyo, ta rufe fuska da mayafi. Da ya zo kan labarin wani jaki da ya ɓarar da kayan amarya a hanya, sai aminin nan nasa na Gbalahi ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Tsayar da abin nan! Ƙarya yake yi. Jakin ba namu ba ne, na kawunsa ne. Shekara da shekaru yana ɗora mana jakin nan."

Aka fashe da dariya. Baba yana dariya ba sauti, kafaɗunsa suna rawa, yana nuna shi da sanda. Ya matso da ni ya raɗa mini a kunne, ni kuma na faɗa da ƙarfi, "Ya ce jakin ya yi kama da ku, shi ya sa."

Baba dai bai kalli lasifikar ba ko sau ɗaya. Fuskokin mutane yake bi da ido.

Abokina ya tsuguna kusa da ni, ya nuna mini shafin adadi. An ƙaru da ɗaya. Wayata ce. Ya ce a hankali, "Cale, duk jama'ar nan, mutum ɗaya aka rubuta mana." Ya tashi ya bi dattawa yana roƙo su kawo wayoyinsu ya sauke musu. Yawancinsu ƙananan wayoyi ne masu madannai. Ya dawo ya zauna, ya karɓi kwanon wake da shinkafa da maƙwabta suka taimaka aka dafa, bai sake maganar ba.

Bayan an watse, kafin magariba, Baba ya kwanta a gajiye. Na zauna kusa da shi. Da 'yar muryar da ta rage masa ya yi ta jero mini waɗanda suka zo, gida-gida, da wanda ya aiko ɗansa a madadinsa, da waɗanda suka karɓi goro ba su zo ba. Waɗannan ya ce in je in duba su, wataƙila ba lafiya. Bai tambaye ni ko an ji ba. Daga ranar bai sake tambaya ba.

An ci gaba da zuwa duk Juma'a, ba tare da sabon goro ba. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Mahaifiyata ta gaji da girki, ni na gaji da aron tabarmi da mayarwa, shagona ya kusa mutuwa. Mutanen ma suka fara raguwa da damina ta kama, kowa ya koma gona. Adadin da ke waya yana nan inda yake. Muryar Baba ta ƙare gaba ɗaya, muka koma maimaita tsofaffin shirye-shirye. Juma'ar ƙarshe aminin nan nasa ne kaɗai ya zo, a jiƙe. Suka zauna a zaure shi da Baba, lasifika tana magana a tsakaninsu.

Baba ya rasu kafin a cire sabuwar doya. Kafin in gama sanar da 'yan'uwa, labarin ya riga ya zaga duk guruf-guruf, da hotonsa da na taɓa sawa a sitatus. Wani ya haɗa da linkin shirin.

A makon nan adadin ya tashi yadda ban taɓa gani ba. Ankara, Kumasi, Legas, Jidda, garuruwan Turai da ban iya faɗin sunansu ba. Abin da na yi wata da watanni ina bi, ya zo da kansa ina zaune a tabarmar makoki. Abokina ya zo ya nuna mini, idonsa ja don shi ma ya yi kuka. Ya ce in na yarda mu yi sabon talla yanzu da hankalin mutane yake kanmu. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce masa ya bari. Ya bari.

Da addu'ar arba'in ta matso, 'yan'uwana suka ce a tura sanarwa a waya ya isa. Na ce su tura. Ni kuma na sa aka gyara tayar keken Baba, na sayo goro, na bi gidajen a jeren da ya koya mini. A Gbalahi tsohon ya karɓi goron, ya riƙe bai ci ba. Ya ce, "Jakin namu ne. Ka bar shi yadda ya faɗa."

To ga amsar masu tambayata. Ban san yadda ake tara masu sauraro ba. Abin da na gwada bai yi aiki ba, wanda ya yi aiki kuma ba na yi wa kowa fatansa. Shirin yana nan, ban cire ba, ban ƙara komai a kai ba. Na koma ɗinkina. Nakan daɗe ban buɗe shafin adadin ba, in na buɗe kuma sai in ga an ƙaru, in rasa wanda zan gaya wa. Ba na jin daɗi, ba na jin haushi. Gajiya ce kawai irin ta wanda ya dawo daga rakiya.

Abu ɗaya nake roƙo. In kana cikin waɗanda suka saurari mahaifina, a duk garin da kake, kada ka danna komai, kada ka raba wa kowa. Ka rubuto mini ka ce kai ɗan gidan wa ne. Ya yi ta tambaya, ban taɓa samun abin da zan gaya masa ba.